Mai Ƙararrawa da Fatoman Maigatari

Ko ka taɓa jin mutumin da ke ciyad da iyalinsa ta wurin haɗa mutane kawai? Ba ya noma, ba ya saƙa, ba shi da rumfa a kasuwa. Hajarsa ita ce, "Wane, ga wane."

A manyan biranen Amurka da Ingila akwai masu wannan sana'a. Mutum yakan kama zaure a otal, ya jera kujeru layi biyu suna duban juna, ya gayyaci ma'aikata da 'yan kasuwa: lauya, akawu, magini, mai buga takardu. Kowa ya biya kuɗin shiga. Mutum biyu su zauna, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa da abin da yake nema, su ba juna adireshi. Bayan minti uku ko biyar sai a kaɗa ƙararrawa, layi ɗaya ya gusa kujera guda, a soma da sabon mutum. In su 20 ne, goma a kowane layi, kafin awa ta cika kowa ya gana da mutum goma. Wani malamin Yahudawa ne a birnin Los Anjeles, Yaacov Deyo, ya fito da dabarar a 1998 domin samari da 'yan mata masu neman aure. Daga baya 'yan kasuwa suka ara.

To, kada mai karatu ya ce wannan sabon abu ne. Je ka Maigatari ran Alhamis, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, ka ba idonka abinci. Shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa daga wajen Dungas da Magarya da Damagaram. Masu saye kuwa har daga Legas da Fatakwal. Makiyayin bai san baƙon ba, watakila ma ba sa jin harshen juna. Wa zai haɗa su? Dillali. Shi ne zai kai taya, ya komo da "albarka", ya sāke komawa, har a sallama, ya karɓi la'adarsa. Bayansa kuma akwai fatoma, wanda ke saukad da baƙo a gidansa, ya ciyad da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya nuna masa wanda za a iya yarda da shi.

A nan bambancin yake. Mai ƙararrawa suna da adireshi yake ba ka, in an watse ya gama nasa. Fatoma kuwa lamuni yake sayarwa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan yana binciken cinikin shanu na Hausawa, littafinsa ya fito a 1969. Ya tarar mahautan Yarabawa bashi suke ɗaukar shanu, mai masauki ne ke tsaya musu. In mahauci ya ƙi biya, mai masaukin ne zai biya baƙonsa. Saboda haka ba ya haɗa ka da kowa sai ya san halinsa sarai.

Amma fa dabarar ƙararrawar ba ta banza ba ce, gama akwai mutanen da kara ba ta haɗa su. Manoman Gagarawa da Sule Tankarkar suna noma riɗi da zoɓo. Zoɓon nan har ƙasar Meziko ake kai shi, riɗi kuma Japan da Turkiyya, amma manomi sau da yawa ba ya sanin kowa sai ɗan sarin da ya zo ƙofar gidansa da awo. Ga mai walda a Gumel, ga malamin dabbobi, ga mai babbar mota da ke komowa daga Kano ba kaya, ga yarinyar da ta gama Kwalejin Ilimi ta Gumel ta iya lissafi da kwamfuta. Kowannensu yana neman ɗan'uwansa bai sani ba. Sa'ad da aka rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024, wanda abokin cinikinsa ɗaya ne tak a ƙetare ya sha wuya.

Saurayi ko budurwa da ke son gwada sana'ar a ƙasar Gumel sai ya yi mata gyara. Minti uku ba za su isa ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, ai kafin a gama gaisuwa ƙararrawa ta kaɗa! A ba da minti bakwai ko goma, a rage yawan mutane. Dattijo kuma ba a tashe shi daga kujera, matasa su ne za su riƙa gusawa. Mata masu sana'a, a yi musu nasu zama, mace ta shugabance shi, da sanin mazajensu. Kada a sa rana ran Alhamis, kowa yana Maigatari, kada kuma a sa da damina. Bayan kaka ya fi, lokacin da amfanin gona ke rumbu.

Maganar kuɗi ita ce mai wuya. A ganina manomi ba zai biya ko kwabo don ya gaisa da mutum ba, yana kuwa da gaskiya. Sai a nemi kuɗin daga masu sayen kaya da kamfanonin taki da iri, su da ke neman jama'a. Abin da za su biya dominsa shi ne zaɓen da aka yi: mai shirya taro ya bi kowa har gida tukuna, ya tambayi mai unguwarsa da shugabannin sana'arsa, ya rubuta a littafi. Ɗan damfara guda in ya zauna a kujerarka ya cuci manomi, kai za a biyo, ko da ba ka yi alkawarin lamuni ba. Bayan sati biyu kuma ka zaga ka ji wa ya yi ciniki da wa, da wanda aka ba kaya bai biya ba, domin ka san wanda za ka sāke gayyata.