Harafi Ɗaya a Littafin Gado

Malamanmu na dā, waɗanda suka yi zamani da littattafan hannu tun ɗab'i bai wadata ba, suna da wani aibi da suke tsoro ƙwarai a wurin masu juyar littafi, shi ne tas'hifi, watau kuskuren ɗigo ko na harafi. Marubuci yana iya nufin ya rubuta rahama, sai tawada ta ɗiga daga bakin alƙalami bisa harafin farko, ra ta koma zaira, kalmar ta zama zahama, wadda a Larabci ke nufin cunkoso da matsatsi. Daga ran nan kuwa duk almajirin da ya juyi wannan littafi zai ɗauki ɗigon tare da sauran karatun, shi ma ya miƙa wa na bayansa, ba da sanin ko ɗayansu ba. Na kawo wannan misali ne domin ɗaliban da ke jin ana ambatar DNA a aji ko a rediyo, suna zaton wani al'amari ne mai nisa da ya shafi Turawa da ɗakunan bincikensu kaɗai, alhali kuwa a jikin kowane ɗayanmu akwai littafi rubutacce da aka juyo daga iyaye, kuma akwai wani tas'hifi guda a cikinsa wanda ya sa gidaje da yawa a Nijeriya kwana a asibiti.

Sanin cewa ɗa yana ɗauko kamannin iyayensa ba sabon abu ba ne, don Bahaushe ya daɗe da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Larabawa kuma suna da ilmin ƙiyafa, na gane nasabar mutum ta duban gaɓoɓinsa. Har ma ya zo a hadisi ingantacce cewa wani mutum ya shiga kokwanto saboda an haifa masa ɗa baƙi, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga masa misali da raƙumansa jajaye da akan sami mai launin toka a cikinsu, ya nuna masa cewa siffa tana iya ɓuya a zuriya sannan ta sake ɓullowa daga wani kaka mai nisa. Abin da ya rage wa mutane shi ne ƙa'idar wannan ɓuya da ɓullowa, kuma wanda ya fara ƙididdige ta wani malamin Kirista ne mai zaman zuhudu a birnin Burno na ƙasar Cek ta yau, sunansa Gregor Mendel. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta haɗa barbara tsakanin shukokin wani wake na ƙasarsu a lambun gidan ibada. Da ya haɗa dogon iri da gajere, sai 'ya'yan suka fito dogaye duka, kamar gajarta ta ɓace. Amma da jikoki suka tsiro ya ƙirga, sai ya sami dogaye 787, gajeru 277, watau kusan uku bisa ɗaya. Ya fahimci cewa kowace siffa tana da asali biyu, ɗaya daga kowane mahaifi, kuma ɗayan yana iya rinjayar ɗayan ya rufe shi ba tare da ya shafe shi ba. Ya wallafa bahasinsa a 1866, ba wanda ya kula, sai a 1900, bayan rasuwarsa da shekara 16, aka tono shi.

Mendel bai san da me aka rubuta wannan asali ba. A 1869 wani likita ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, ya tsamo wani sinadari daga mugunyar da ke jikin tsummokin ɗaurin miki, bai kuma san abin da ya riƙa ba. Sai a 1944 aka kawo hujjar cewa wannan sinadari, DNA, shi ne ke ɗauke da gado, sannan a 1953 James Watson da Francis Crick, a Kambirij ta Ingila, suka bayyana siffarsa. Adalci ne a ambaci Rosalind Franklin, wadda hotunan da aka ɗauka a ɗakin bincikenta a Landan suka haska musu hanya, ta kuma rasu a 1958 tana da shekara 37, shekara huɗu kafin a ba su lambar Nobel. Siffar kuwa ita ce ta tsani mai ƙafa biyu da aka murɗa kamar igiya, kowane mataki nasa haruffa biyu ne da suka riƙe juna, haruffan kuma huɗu ne tak, A da T da C da G, sunayen sinadarai ne aka taƙaita. A ba ta zama sai da T, C ba ta zama sai da G, kuma a nan hikimar take, domin idan aka tsaga tsanin gida biyu, kowane ɓangare yana nuna abin da ya dace a maido masa, sai tsani ɗaya ya zama biyu iri ɗaya. Haka ake juyin littafin duk sa'ad da ƙwayar halitta za ta rabu.

Wannan littafi yana da haruffa wajen biliyan 3, an karkasa shi mujalladi 23 da ake kira kuromosom, kuma kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana riƙe da kwafi biyu, na uwa da na uba, jimla 46. In da za a warware zaren da ke cikin ƙwaya guda, wadda ido ba ya gani, da ya kai kamar mita 2. Ɗalibin da ya karanta fara'ili ya lura da bambanci a nan, domin a rabon dukiya kowa da kasonsa gwargwadon matsayinsa, amma a wannan gado ɗa da 'ya duka mujalladi 23 suke karɓa daga uwa, 23 daga uba, ba mai hajabce wani. A cikin mujalladan akwai babi kusan 20,000, kowane babi umurni ne na yadda za a ƙera wani furotin. Turawa suna kiran babin "jin", sunan da ba shi da wata alaƙa da aljannu. Ana karanta haruffan uku-uku, kowane uku suna kiran tubali ɗaya daga cikin tubala iri 20, ana jera tubalan kamar tsakiya a zare, jerin ya naɗe ya zama furotin.

To, a mujalladi na 11 akwai wani ɗan gajeren babi da ke ƙera ɓangaren himogulobin, sinadarin nan da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Jerin wannan ɓangare tubali 146 ne. A wurin tubali na shida, inda littafin yawancin mutane ke cewa GAG, na wasu yana cewa GTG. Harafin tsakiya kaɗai ya sauya, saboda haka aka aza wani tubali a maimakon na asali, sauran 145 kuwa suna nan daidai. Wannan tubali guda yana sa himogulobin, da zarar ya sauke iskarsa, ya manne da 'yan'uwansa su zama dogayen sanduna, sai ƙwayar jinin da aka sani mai taushi da kewaye, mai lanƙwashewa ta wuce ta siririyar jijiya, ta ƙage ta tanƙware kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan sarƙe da juna a ƙananan hanyoyin jini su toshe su, naman da ke gaba ya rasa iska, yaro ya yi ta kururuwar ciwon ƙashi da gaɓoɓi, hannuwa da ƙafafu su kumbura. Kuma maimakon kwana 120 da lafiyayyar ƙwaya ke yi, ta lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, don haka jini ba ya isa, ido ya yi rawaya. Rahama ta koma zahama ke nan, cunkoso a cikin jijiya. Wannan shi ne amosanin jini, ko sikila kamar yadda aka fi faɗa yanzu. Wani likita a Shikago, James Herrick, shi ya fara siffanta ƙwayoyin a 1910, daga jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada, aka yi shekara fiye da arba'in kafin Vernon Ingram ya nuna cewa tubali ɗaya ne ya bambanta.

Yanzu sai a komo ga waken Mendel, don a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Wanda ya gāji babin lafiya daga iyayensa biyu shi ne AA. Wanda ya gāji mai kuskuren daga ɗaya kawai shi ne AS, kuma galibi lafiyarsa lau, yana iya tsufa bai sani ba, kamar dogon waken nan mai ɓoye gajarta. Wanda ya gāje shi daga duka biyu shi ne SS, mai cutar. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Na ce kowane ciki, kuma ina so a riƙe wannan da kyau, gama sau da yawa akan ji mutum yana lissafin cewa tun da ɗansa na fari ya zo da cutar, uku masu biyowa sun tsira, ko kuwa zai haifi uku ya tsaya kafin na huɗu. Ƙuri'ar sabuwa ake jefawa a kowace haihuwa, ba ta tuna ta jiya. Gida ɗaya sai a haifi biyar babu mai ciwo, maƙwabcinsa a jera uku masu shi. Daga nan kuma ya bayyana cewa dangin miji da ke ɗora laifi a kan matar ɗansu, suna cewa ita ta kawo musu ciwo cikin zuriya, sun yi zalunci bisa jahilci, domin ba a haifar SS face uba ya ba da rabinsa. Ina kuma kyautata zaton cewa wani kaso na matan da aka riƙa kira masu wabi, aka dangana mutuwar 'ya'yansu ga iskoki ko mayu, wannan harafi ne ya bi su, su da mazansu.

Mai hankali zai tambaya, in har kuskuren yana kisa haka, don me bai ƙare ba, har ya zama kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi, ana kuma haihuwar jarirai wajen 150,000 da cutar kowace shekara, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, adadin da ya fi na kowace ƙasa? Amsar tana wurin sauro. A 1954 Anthony Allison, bayan bincike a Gabashin Afirka, ya nuna cewa yara AS sun fi AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A nan gida ma, binciken zazzaɓin da aka gudanar a ƙasar Garki daga 1969 zuwa 1976, tana cikin Jihar Kano a lokacin, yau kuwa Jigawa, ya sami SS kamar biyu cikin ɗari a jarirai, amma da ƙyar ake ganinsu a cikin manya, sannan AS sun fi yawa a manya bisa ga jarirai. Watau harafin nan garkuwa ne ga mai kwafi ɗaya, masifa ga mai biyu, kuma ƙarni bayan ƙarni zazzaɓi ya yi ta tace mutane yana barin masu garkuwar. Kada dai mai AS ya jefar da gidan sauronsa, kariyar ba cikakkiya ba ce.

Halin masu cutar ya sauya tun zamanin Garki. Da gwajin jariri da wuri, da rigakafin zazzaɓi da na ƙwayoyin cuta, da yawan shan ruwa, da maganin haidurokziyuriya a ƙarƙashin kulawar likita, da yawansu suna girma su yi karatu su yi aure. Ana warkar da wasu ta dashen ɓargo, a ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ke amfani da almakashin CRISPR, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci a gyara rubutunsu, domin su koma ƙera himogulobin irin na ɗan tayi, sannan a mayar masa. Abin al'ajabi ne, sai dai kuɗin da aka yanka masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, saboda haka ga talakan Nijeriya labari ne kawai tukuna.

Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jinotayif, watau na gane ko mutum AA ne ko AS ko SS, wanda bai kamata a rikita shi da rukunin jini na O da A da B ba, don wannan mas'ala daban ce. A kuma sani akwai wani nau'in himogulobin da ake kira C, wanda in ya gamu da S yakan haifar da cutar shi ma. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da wannan a ciki. Dokar ta yi kyau, amma gwajin da aka yi bayan an kai lefe an sa rana, zukata sun riga sun ɗauru, yakan zo a makare, har wasu su shiga neman takardar ƙarya. Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, ku je ku gwada tun kuna makaranta, tun ba a fara zancen kowa ba, a wurin da aka amince da aikinsa. In da hali ku maimaita a wani wurin dabam, don akan yi kuskure a sakamako, sannan ku adana takardar tare da ta haihuwarku.