Kafin Ka Ɗora Sifana a Kan Injin Tsohuwar Mota

Har gobe akwai gidajen da za ka shiga ka tarar da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, an lulluɓe ta da tamfol a gindin bishiya, maigida ya ƙi sayarwa saboda ta mahaifinsa ce. Wani kuma Volkswagen Beetle yake riƙe da ita, wani tsohuwar Land Rover. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma da yawa daga cikin injinan wancan zamani suna nan da ransu. Abin da ya fi kashe su a yau shi ne hannun mai gyara: sifanar da ba ta dace ba, da guduma, da gaggawa. Sabuwar mota idan ka lalata mata noti sai ka aika yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wani. Tsohuwa kuwa, wani ƙarfen nata an daina ƙera shi, sai dai a cire daga gawar 'yar'uwarta.

Abu na farko shi ne ka san da wane awo aka ƙera motarka. Motocin Faransa da Jamus da Japan da milimita ake auna notinansu, su ne sifanu masu lamba 10, 13, 17, 19 da kowane bakanike ya haddace. Tsofaffin motocin Amurka da inci suke aiki. Na Ingila kuwa nan ne rikicin yake, domin a tsohuwar Land Rover guda ɗaya kana iya cin karo da noti na inci, ka matsa gaba kaɗan ka haɗu da na tsarin Whitworth, wanda wani injiniya ɗan Ingila, Joseph Whitworth, ya fito da shi a 1841. Lambar da ke jikin sifanar Whitworth kaurin ƙusar take nufi, ba faɗin kan noti ba, shi ya sa za ka ga an rubuta ƙaramar lamba alhali bakinta a buɗe yake sosai.

Mutum zai ce ai bambancin bai taka kara ya karya ba. Rabin inci milimita 12.7 ne. Ka ɗora masa lamba 13, za ta shiga, har ka ji kamar ta zauna. Amma wannan ɗan sararin da ya rage shi ne ɓarnar: da ka danna da ƙarfi a kan notin da ya shekara arba'in yana tsatsa, sai sifana ta zame ta cinye kusurwoyinsa, kan noti ya koma mulmulalle kamar goriba. Daga nan ne ake ɗauko kurfi da guduma, kuma a nan ake fasa abin da ba a yi niyyar taɓawa ba. Wasu lambobin dai sun yi sa'a, kamar inci uku bisa huɗu da lamba 19, waɗanda kusan ɗaya suke. Kada wannan ya ruɗe ka ka ɗauka duka haka suke.

Ko da awon ya yi daidai, akwai wadda ta fi wata riƙo. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa, don haka a bar ta ga wurin da wata ba za ta shiga ba. Notin da ya kafe, da mai zobe ko soket ake fara motsa shi. Idan za ka sayi soket, leƙa cikinsa ka ƙirga: mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu kama tsohon noti. Ita kuwa sifanar nan da ake murza mata baki ta yi girma ko ta ƙanƙance, a ganina ko kusa da inji bai kamata ta je ba. Filaya ma ba a yi ta don kwance noti ba, duk da cewa kowa ya taɓa yin wannan laifin. Zuba wa notin man da ke ratsa tsatsa tun da dare, ka dawo da safe.

Kwancewa ke nan. Wajen ɗaurewa kuma an fi yin asara mai tsada. Kan injin 504 na alminiyom ne, haka ma kawunan Beetle, kuma alminiyom ba ya jure ƙarfin tuwo. Al'adar nan ta zura bututu a hannun sifana a hau kai a ɗaure "har sai ya yi ƙara" ita ce ke tsinke ƙusa a cikin inji ko ta lanƙwasa kan, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Maganinta sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda makanikai ke kira tok. Kowace ƙusa tana da adadin da kamfani ya ƙayyade mata a littafin gyaran motar, kuma ana ɗaure na kan inji ne daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa. Tana da tsada, amma ba ta kai kuɗin kan inji ba. Idan ka gama aiki da irin wadda ke yin ƙara in ɗauri ya kai, mayar da ita ƙaramar lamba kafin ka ajiye, kuma kada ka kwance noti da ita.

Masu 504 su ƙara kula da abu ɗaya: layinonin silindarta zira su aka yi, ruwa na zagaye da su. Idan an cire kan inji aka juya injin ba tare da an danne layinonin ba, suna iya ɗagawa, abin da ya rufe ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin mai. Filoginta kuma suna can cikin rami mai zurfi, sai da doguwar sifanar filogi siririya. Bari inji ya huce, wajen mayarwa kuma ka fara murza filogi da hannu har ka ji ya bi hanyarsa, sannan ka kawo sifana.

Akwai wani ɗan ƙaramin kayan aiki mai arha da ake rainawa, wato fila gej, siraran ƙarafan nan masu kama da reza da ake auna tsaga da su. Waɗannan injina ba su da kwamfuta, da hannu ake saita musu bawul da kontak. Bawul ɗin Beetle milimita 0.15 yake so, kuma sai inji ya yi sanyi ƙalau ake aunawa. Wanda ya saita da ido ko da guntun kwalin sigari, bawul zai ƙone masa a hanya. Masu tsofaffin Datsun da Toyota kuma su sani cewa sukurorin kafiretarsu masu kan gicciye na tsarin Japan ne, galibi da ɗan ɗigo a kansu, kuma sukudireba ta gama-gari tana zamewa ta cinye su.

A kasuwa, kada rubutun da ke jikin ƙarfe ya sa ka saki kuɗi, domin jabu ma ana buga masa suna. Tafi da noti mai kyau a aljihu, ka gwada sifanar a kai. Idan tana rawa, ajiye ta. Sau da yawa tsohuwar sifana ta gwanjo ta fi sabon akwati mai ƙyalli da guda ɗari a ciki.

Idan kuma aikin zai kai ka ƙarƙashin mota, kada ka dogara da jak shi kaɗai, kada kuma ka tokare ta da bulo, domin bulo yana farfashewa ba sallama. Sa mata ƙafafun ƙarfe na tokare mota a kan ƙasa mai tauri, ka dosa wa tayoyin da ke ƙasa katako, ka girgiza ta da hannu biyu kafin ka zura kanka.