Ɗan Kabon Da Ke Cikin Sitabilaiza

Sitabilaizar shagon cajin ƙanena a Kazaure ta fara ƙara da ƙauri, har ya ce sabuwa zai saya. Mai gyara na buɗewa, ashe kabon ne ya cinye.

A sitabilaiza mai ɗan inji a ciki, kabon ɗin ne ke zamewa kan naɗin wayar jan ƙarfe, yana daidaita wuta kusa da bolt 220. In ya cinye sai tartsatsi, ƙarfen da ke riƙe shi ya kankare wayar, shi ke nan an yi asara.

In kun ji ƙaurin, ku zare ta daga soket, mai gyara ya canza kabon, ya goge naɗin. Sai shiri na gaba.