Alamar Jiran Umarni: Kwalliyar Da Kan Rikita Lissafin Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa zama gaban kwamfuta mai aiki da tsarin Unix ko Linux, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kansa, to ya ga alamar dala ($) a gefen hagu, da wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a gabanta. Wannan ita ce alamar jiran umarni. Abin da take cewa shi ne: na gama aikin da ka ba ni, saura me?

Manhajar da ke rubuta wannan alama ana kiranta shel, wato tafinta tsakanin mutum da na'ura. A shel ɗin da Stephen Bourne ya tsara a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, wanda ya fito a 1979, an ajiye siffar alamar a wani gurbi mai suna PS1, kuma kowa yana iya sauya ta. Bash, wanda Brian Fox ya fitar a 1989, ya faɗaɗa wannan dama. Alal misali, idan aka rubuta

PS1='\u@\h:\w\$ '

sai alamar ta riƙa nuna sunan mai aiki (\u), da sunan kwamfutar (\h), da jakar fayilolin da ake ciki (\w). Shi kuwa \$ na ƙarshe yana da wani aiki na musamman: idan babban mai kula da na'urar ne ya shiga, sai ya rikiɗe ya koma #. Wanda ya cire shi ya sa kibiya don ta fi kyau, ya cire wa kansa gargaɗi ke nan, domin mai wannan matsayi yana iya shafe duk abin da ke cikin kwamfuta da umarni guda, kuma umarnin rm ba shi da kwandon shara da za a koma a tsinto abin da aka zubar.

Amma inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen sa launi. Allon ba ya sanin launi sai an aika masa da wasu haruffa na ishara, irin waɗanda na'urar VT100 ta kamfanin DEC ta yaɗa tun daga 1978. Ishara ta \e[32m tana cewa a koma kore, \e[0m kuma a dawo yadda ake. Ta farko haruffa 5 ce, ta biyu 4, jimla 9, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ya bayyana ga ido.

To, a nan matsalar take. Bash ba ya ganin allo. Ƙidaya yake yi. Yana lissafa tsawon alamar ne domin ya san inda layi zai ƙare. Idan faɗin allo gurbi 80 ne, kuma ya haɗa da waɗannan haruffa 9 marasa ganuwa, sai ya ɗauka layi ya cika alhali gurbi 71 kawai aka ci. Muddin umarnin gajere ne, ba a lura. Ranar da aka rubuta dogo, sai rubutu ya nannaɗo ya hau kan kansa. Idan kuma aka danna kibiyar sama don dawo da tsohon umarni, sai guntayen wani su maƙale a layin. Abin da ido ke karantawa ya bambanta ke nan da abin da na'ura za ta aiwatar. Maganin kuwa ɗan kaɗan ne: a sa kowace ishara tsakanin \[ da \], wato a shaida wa Bash cewa kada ya ƙidaya su.

Akwai kuma masu sa alamar ta riƙa gudanar da wata manhaja duk lokacin da za ta fito. Masu rubuta manhaja suna son ta nuna musu halin da aikinsu yake ciki a Git, wato manhajar adana tarihin gyare-gyare da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. A babban aiki wannan yakan jawo jinkiri bayan kowane umarni. Abin ya wuce jinkiri ma. A watan Afrilun 2022 masu kula da Git suka sanar da cewa a kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, wani zai iya dasa jakar .git ta bogi a wurin da kowa ke ratsawa, ta yadda irin wannan alama za ta aiwatar da umarninsa da sunan wanda bai rubuta komai ba, buɗe allo kawai ya yi. Daga fitowa ta 2.35.2 Git ya daina amincewa da jakar da wani ne ya mallake ta, sai an ba shi izini. Malaman da ke kula da ɗakin kwamfuta na makaranta ya kamata su duba wace fitowa ce a na'urorinsu.

Ɗalibin da ke son gwadawa ya fara rubuta sabon PS1 ɗinsa kai tsaye a allo, sannan ya jarraba shi da umarnin da ya zarce layi guda. Idan ya rikice, rufe allon da sake buɗe shi ya wadatar. Sai ya ga komai daidai sannan ya kwafe shi cikin fayil ɗin .bashrc, wanda Bash ke karantawa duk lokacin da aka buɗe sabon allo.