Ranar Jamhuriya A Indiya: Faretin Da Soja Ke Sara Wa Farar Hula

A ran 26 ga watan Janairu na kowace shekara, tun da sanyin safiya, dubban jama'a kan yi dafifi a birnin Delhi don kallon faretin Ranar Jamhuriya. Mutane da dama kan zaci bikin samun mulkin kai ne, alhali kuwa Indiya ta karɓi mulkin kanta daga Turawan Ingila tun ran 15 ga Agusta, 1947. Abin da ake tunawa da shi a Janairu shi ne ranar da tsarin mulkin ƙasar ya fara aiki a 1950.

Ba haka kawai aka zaɓi ranar ba. A ran 26 ga Janairu, 1930 ne jam'iyyar Congress ta yi shelar cewa cikakken 'yanci take nema. Wanda ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin kuwa shi ne Dokta Ambedkar, masanin shari'a, ɗan jinsin nan da a da ake ƙyamar ko taɓa su.

Bikin kan soma ne da Firayim Minista ya ɗora furanni a dandalin tunawa da sojojin da suka rasu a fagen fama. Daga nan sai Shugaban Ƙasa ya iso, a buɗe tuta, a harba igwa sau 21. Rundunonin ƙasa da na ruwa da na sama sai su biyo babban titin nan da aka sani da Rajpath, wanda aka sake wa suna Kartavya Path a 2022, su doshi Jar Ganuwa, watau tsohuwar fadar sarakunan Mughal. A cikin jerin akwai tankokin yaƙi da makamai masu linzami da barade bisa dawakai. A shekaru da dama an ga har da dakarun tsaron iyaka bisa raƙuma da suka sha ado.

Da soja sun wuce sai al'adu su karɓi fili. Indiya na da jihohi 28, tsarin mulkinta kuma ya amince da harsuna 22. Jihohin da aka zaɓa kan shigo da manyan motoci da aka ƙawata da siffofin tarihinsu da sana'o'insu, makaɗa da masu rawa na biye. Samun gurbi a wannan jeri ba ƙaramin abu ba ne. Alal misali, a 2022 jihohin Bengal ta Yamma da Tamil Nadu da Kerala sun koka da cewa gwamnatin tarayya ta ƙi karɓar nasu. Jiragen yaƙi ne kan rufe taron da shawagi a sama.

Bugu da ƙari, akan gayyato shugaban wata ƙasa ya zama babban baƙo. Na farko shi ne Shugaba Sukarno na Indunusiya a 1950. Nijeriya ta sami wannan girma sau biyu: Alhaji Shehu Shagari a 1983, sai Cif Olusegun Obasanjo a 2000. Zumuncin kuwa tsoho ne, domin hafsoshin Indiya ne suka taimaka aka kafa Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna a 1964.

To, amma muhimmin darasin faretin yana ga wanda ake sara wa. Duk waɗannan makamai suna wucewa ne a gaban farar hula, wanda tsarin mulki ya ba shi muƙamin babban kwamandan askarawa. A 2023 wadda ta karɓi gaisuwar mace ce, Droupadi Murmu, tsohuwar malamar makaranta daga ƙabilar Santal. Tun 1947 sojan Indiya bai taɓa ƙwace mulki ba, ko da yake ƙasar ta sha yaƙe-yaƙe da tarzoma, ga talauci. Alhaji Shehu Shagari ya ga wannan fareti a Janairu 1983, kafin shekarar ta fita kuwa, ran 31 ga Disamba, soja suka hamɓarar da gwamnatinsa.

Wannan ba ya nufin tafiyar Indiya ba ta da gargada. Daga 1975 zuwa 1977 Firayim Minista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tsare 'yan adawa, ta tauye jaridu. Amma ba bindiga ce ta sauke ta ba. Ta kira zaɓe a 1977, talakawa suka kayar da ita, ta kuwa sauka.

Akan kammala bukukuwan ne ran 29 ga Janairu da maraice a dandalin Vijay Chowk. Makaɗan badujala na rundunonin uku kan yi wasa a gaban Shugaban Ƙasa, a sauke tuta, sa'an nan soja su koma bariki.