Takobin ado daban, takobin sara daban: Abin lura kafin saye da wasawa

Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya san matsayin takobi a idon Bahaushe. Mahaya kan rataya shi da hamila, su zare shi a lokacin jinjina, sannan su mayar da shi kube sai wata shekara. Sai dai akwai masu sha'awar da ba ta tsaya ga rataya ba. Su burinsu su koyi sara da shi a matsayin wasan motsa jiki, kamar yadda ake yi a Japan da ƙasashen Turai, inda ake kafa tabarma a naɗe ko gorar ruwa a sare ta da bugu guda.

A nan matsala take farawa, domin mafi yawan takubban da ke rataye a shaguna an ƙera su ne don ido. Wanda ya ɗauki irin wannan ya kai sara da ƙarfi, ruwan takobin na iya karyewa ko ya fice daga ƙota, kuma ba shi da ikon zaɓar inda ƙarfen zai faɗa. Abubuwan da ke raba takobin aiki da na ado guda uku ne, kuma dukkansu a ɓoye suke: irin ƙarfen, yadda aka gasa shi, da yadda aka ɗaura shi a ƙota.

Tsohon ciniki ne

Tantance ruwan takobi ba baƙon abu ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 cikin birnin a kowace shekara, akasarinsu daga garin Solingen na Jamus. Fatake ne ke ratso Sahara da su tsirara, sai a nan gida a yi musu ƙota, dukawa su ɗinka kube.

Takobin da aka saba da shi a wannan yanki, wanda Buzaye ke kira takoba, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa ya kusa mita ɗaya, bakinsa kuma a ɗan zagaye yake, alamar cewa don sara aka yi shi fiye da suka. A jikin wasu akan ga tambarin jinjirin wata guda biyu. Asalin tambarin na maƙeran Turai ne, amma maƙeran gida sun daɗe suna buga shi a kan nasu, don haka ganinsa kaɗai ba ya tabbatar da tsufa ko inganci.

Daga wannan tarihi akwai gargaɗi guda. Wanda ya gaji tsohon takobi daga kakanni kada ya kai shi ga dutsen wasa, kada kuma ya yi atisaye da shi. Ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa, kuma tsatsar da ta ci cikin ƙota ba a ganinta daga waje. Irin wannan a goge shi da mai a adana, a nemi sabo don aiki.

Wane irin ƙarfe?

Takobin sara yana buƙatar ƙarfe mai sinadarin kabon daidai gwargwado. Kamfanonin ƙasashen waje kan rubuta lamba a jikin tallarsu, irin su 1060 ko 1075 ko 1095. Lambobi biyu na ƙarshe su ke nuna yawan kabon, wato 1060 na da kimanin kashi 0.6 cikin 100. Yawan kabon na ƙara tauri da riƙe kaifi, amma yana rage juriya ga bugu. Shi ya sa 1060 da 1075 suka fi dacewa da mai koyo, wanda dole saransa zai riƙa karkacewa a farko. Akwai kuma 5160, ƙarfen da ake yin sifirin ɗin mota da irinsa, wanda ya shahara da lanƙwasa ya dawo. Maƙeranmu da ke ƙera adda da wuƙa daga tsohon sifirin sun san wannan tun da daɗewa. Abin dubawa kawai shi ne tsohon sifirin kan zo da siraran tsagu saboda shekarun da ya yi yana ɗaukar kaya.

Abin gudu shi ne ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa. Yana da kyau ga cokali da wuƙar kicin, amma idan ya yi tsawon takobi sai ya zama mai saurin karyewa. Kyansa kyan ɗan maciji ne. Haka nan takobin da aka yanko daga fallen ƙarfen ƙofa ko rodi, shi ba ya karyewa, amma yana lanƙwashewa ya tsaya a haka, kuma ko an wasa shi ba ya riƙe kaifi.

Gashi shi ne rabin aiki

Ƙarfe mai kyau da ba a gasa shi daidai ba, asarar kuɗi ne. Gashin mataki biyu ne. Da farko ana zafafa ƙarfen zuwa wajen digiri 800 a ma'aunin salshiyas, a tsoma shi cikin mai ko ruwa nan take. Wannan na sa shi tauri ƙwarai, amma ya zama kamar gilashi. Sai a sake ɗumama shi a hankali, tsakanin digiri 200 zuwa 400, don a rage taurin a ba shi juriya. Maƙerin da ya tsallake mataki na biyu ya ƙera abin da zai tarwatse, wanda ya tsallake na farko kuwa ya ƙera sanda ce mai siffar takobi.

Ana auna tauri da ma'aunin Rockwell. Miƙaƙƙen takobi mai kaifi biyu yakan faɗa tsakanin 50 zuwa 55. Katana ta Japan dabam take, domin ana shafe gadon bayanta da yumɓu kafin tsomawa, sai bakin ya kai wajen 60, bayan kuma ya tsaya wajen 40. Wannan ke sa ta riƙe kaifi sosai, amma idan sara ya karkace takan lanƙwashe ta ƙi dawowa.

Mai saye a kasuwa ba shi da na'urar awo, amma yana da dabaru biyu, da izinin mai kaya. Na farko, a dafa bakin takobin a kan katako a ɗan lanƙwasa shi kaɗan, a saki. Idan ya koma miƙe sak, an yi gashi. Idan ya tsaya a karkace, a ajiye shi. Na biyu, a goga magagari sau ɗaya kusa da gindi. A kan ƙarfe mai gashi magagari zai ci kaɗan ne da ƙyar, a kan mara gashi kuwa zai nutse kamar a kan ƙusa.

Abin da ƙota ta ɓoye

Ruwan takobi ba ya ƙarewa a inda ido ya daina ganinsa. Yana da wutsiya da ke shiga cikin ƙota, kuma a nan yawancin haɗurra ke faruwa. A takobin aiki, wutsiyar da ruwan ƙarfe ɗaya ne, tana da faɗi, ta ratsa ƙota har ƙarshe, inda ake dakan kanta ta baje ta kulle komai. A katana ana soke ta da turakun gora ɗaya ko biyu. A takobin ado kuwa, sau da yawa siririn rodi ne aka yi wa walda a gindin ruwan. Wurin waldar nan ne ke ɓallewa a tsakiyar sara.

Saboda haka a tambayi mai sayarwa kai tsaye yadda wutsiyar take. Idan a wurin maƙeri za a yi oda, a Agadas ne ko a Kano, a nemi ganin ruwan tsirara kafin a sa ƙota. Idan ta intanet ne, a nemi hoton wutsiyar da lambar ƙarfen da nauyi. Wanda ya kasa bayar da waɗannan, ya riga ya ba da amsa.

Sauran gwajin na hannu ne. A riƙe ƙota a bubbuga ƙarshenta da tafin hannu, duk wani kaɗawa ko ƙara alama ce ta sassauci. A ɗaga takobin a hango shi daga gindi zuwa baki don a ga ko ya murɗe. Nauyin na hannu ɗaya bai kamata ya yi nisa da kilo 1 zuwa 1.3 ba. Idan aka ɗora shi a kan yatsa, ya daidaita a tazarar santimita 10 zuwa 15 daga ƙota. Wanda ya fi haka nauyi ko ya rinjaya gaba da yawa zai gajiyar da wuyan hannu, kuma gajiyayyen hannu shi ke kuskure. Game da farashi, araha ba ta ado. Idan kuɗin takobi bai wuce na adda mai kyau ba, to akwai matakin da aka tsallake.

Yadda ake wasawa

Babban kuskure shi ne miƙa takobi ga mai injin wasa wuƙa. Dutsen inji na gudu da sauri, siririn bakin ƙarfe kuma nan da nan yake ɗaukar zafi. Da zarar bakin ya sauya launi zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi, zafin ya taɓa gashin wurin, kaifin ba zai ƙara daɗewa ba. Ban da haka inji na cin ƙarfe da yawa, ya bar kwari da tudu. Wasa takobi aikin hannu ne, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Kayan aikin su ne magagari mai laushi, sanfefa mai lamba 220 da 400 da 600 da 1000, ɗan katako mai santsi da za a naɗe sanfefar a kai, guntun fata, da safar hannu mai kauri. A kwantar da takobin a kan benci a matse shi sosai, kaifin ya ɗan leƙo daga gefen bencin. Takobin ne ke tsaye, hannu ke motsi.

Kusurwar da ake nema ita ce digiri 20 zuwa 25 a kowane gefe. Hanya mai sauƙi ta gane ta: a ninka kusurwar takarda biyu a sami 45, a sake ninkawa a sami 22 da rabi, sai a riƙa gwadawa da ita. A shafa maka a tsawon bakin kafin a fara, domin inda tawadar ta goge nan ne ake ci.

Idan takobin ya zo a dakushe ƙwarai, a fara da magagari, ana turawa gaba kawai da dogon ja, ana ƙirga adadin jan don ɗaya gefen ya sami daidai da shi. A ci gaba har sai an ji wani siririn gashin ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen, wanda ake ganewa ta hanyar jan tsumma a kai. Wannan ke nuna gefen biyu sun haɗu. Sai a juya. Daga nan a bi sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana ɗan mulmula kafaɗar da magagari ya bari, har bakin ya yi ƙundu kaɗan kamar ƙwallon kankana. Irin wannan baki ya fi siririn baki irin na aska jure bugu, domin akwai ƙarfe a bayansa da ke tallafa masa. A ƙarshe a ja bakin a kan fata, ana ja da baya, don cire ragowar gashin.

Ba lallai ne a wasa duka tsawon ba. Kashi biyu cikin uku na gaba su ke sara, na kusa da ƙota a bar shi. Gwajin kaifi da takarda ake yi: idan ya yanka ta ba tare da yagewa ba, ya isa. Ba a gwadawa da yatsa.

Filin atisaye da adana

A Japan ana kiran wannan wasa tameshigiri. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, takobin ake jarrabawa, har a kan gawarwakin waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa. A yau hannun mai saran ake jarrabawa, a kan tabarmar da aka naɗe aka jiƙa. A nan gida gorar roba cike da ruwa ta ishi mai farawa, daga baya ya koma ga kututturen ayaba ko jiƙaƙƙiyar tabarmar kaba. Busasshen itace da ƙarfe da bulo ba abin sara ba ne, aikin gatari da guduma ne.

Sirrin sara yana ga daidaita kaifi da hanyar da hannu ya bi, ƙarfi na biye ne. Gorar da ta yi tsalle maimakon ta rabu biyu tana nuna kaifin ya karkace. A tabbatar babu kowa a tazarar mita 5 ta kowane ɓangare, musamman yara. A sa rufaffen takalmi, a kawar da ƙafar gaba daga hanyar da takobin zai sauka, kuma idan ya suɓuce a bar shi ya faɗi.

Bayan an gama a goge shi ya bushe, a shafa man keken ɗinki kaɗan. Man gyaɗa da manja kan yi danƙo su lalace. Da damina a riƙa dubawa duk mako, kuma kada a bar shi watanni cikin kuben fata, domin fata na riƙe danshi. A kulle shi inda yara ba sa kaiwa.

Saura batun hukuma. Rundunonin 'yan sanda a jihohin Arewa kan yi gargaɗi a kan yawo da makamai, musamman gabanin bukukuwan sallah, saboda ta'asar 'yan daba, kuma jami'in da ya tare mutum a hanya ba zai karanta niyyarsa a goshi ba. Atisaye a cikin gida mai katanga ake yinsa. Idan ɗauka ta zama dole, a naɗe shi a kulle a bayan mota tare da rasit. Mai niyyar yin oda daga waje kuma ya fara tuntuɓar hukumar kwastan kafin ya biya ko kwabo.