Awon Bakan Haske: Yadda Ake Gane Ma'adinan Sararin Samaniya

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyar da masana kimiyya ke bi su gane irin ma'adinin da ke jikin dutsen da hannunsu bai kai gare shi ba, tare da duban sunan da ya dace da wannan hanya a Hausa.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu walda a Tirkaniya, kudu da Kogin Kaduna, zai lura cewa idan wuta ta kama jan ƙarfe harshenta yakan koma kore. Haka kuma in an barbaɗa gishiri a wuta sai ta yi ruwan ɗorawa. Watau kowane sinadari yana da launin da yake fitarwa idan ya ɗauki zafi, kuma wannan launin ne yake sha idan haske ya ratsa shi. A 1814 Fraunhofer, wani Bajamushe, ya rarraba hasken rana kamar bakan gizo, sai ya ga baƙaƙen layuka a cikinsa. A 1859 Kirchhoff da Bunsen suka nuna cewa kowane sinadari da nasa layukan, tamkar zanen fuska da ake gane asalin mutum da shi. Saboda haka muke ganin ya kyautu a kira wannan fanni awon bakan haske, domin Bahaushe ya san baka, ya kuma san awo.

Dutse ba ya ba da haske na kansa. Na rana yake mayarwa bayan ya shanye wani sashe. Na'urar da ke cikin kumbo tana auna abin da ya dawo, musamman hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, sannan a kwatanta gibin da aka samu da na ma'adinan da aka riga aka auna a ƙasa. Ta haka ne kumbon Indiya, Chandrayaan-1, ya gano alamar ruwa a fuskar wata, aka bayyana a 2009. Ruwa kuwa shi ne abin nema na farko, domin ana shan sa, ana kuma raba shi a sami iskar shaƙa da makamashin roka.

Sai dai awon fatar dutse kaɗai yake karantawa, ba ya faɗin zurfin ma'adini ko yawansa. Dole ne a sami samfuri a hannu. A 2018 kumbon Amurka, OSIRIS-REx, ya hango alamar yumɓu mai ruwa a jikin dutsen Bennu, kuma samfurin da ya kawo a 2023, kimanin giram 121, ya gaskata awon. A nan ƙasar Hausa ma tana da rabonta: ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin lardin Katsina, aka kawo shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna. Daga baya bincike ya tabbatar daga duniyar Mirrihu, watau Mas, ya fito.

Har yanzu ba a buɗe mahaƙa ko ɗaya a sama ba, amma Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis a 2022, wadda ta taɓo batun ɗibar albarkatun can. Hausa tana da tama da kuza da dalma da kanwa, tana da sunayen launuka, amma ba ta tsayar da kalmomin layukan haske da ma'auninsu ba. Muddin malaman harshe da na kimiyya ba su zauna sun daidaita su ba, ɗalibin da ke koyo da Hausa zai ci gaba da haddar abin da bai fahimta ba.